Kundin aikin bin burtali da taswira da kamfas, daga Garwa zuwa ƙasar Poli

9 ga Nuwamba, 2024, Garwa

Aikin da muka ɗauka a wannan rani shi ne bin wani tsohon burtalin shanu da ke ratsa dajin ƙasar Poli, a arewacin Kamaru, da ƙafa, tare da rubuta wuraren da ake samun ruwa bayan rafuka sun ƙafe, da kuma sanya kowanne a muhallinsa a kan taswira. Masu aikin samari ne na unguwarmu, yawancinsu 'ya'yan mahauta da dillalan shanu, waɗanda kakanninsu suka san wannan daji ciki da bai amma su ba su taɓa kwana a cikinsa ba. Sharaɗin da na gindaya musu shi ne waya za ta zauna a kashe a cikin jaka. Ban raina na'urar GPS ba, domin tana aiki ko babu layin waya, sai dai batir yana mutuwa, zafi yana lalata shi, kuma wanda bai iya karanta ƙasa da idonsa ba ya zama makaho a daidai lokacin da allon wayarsa ya yi baƙi.

Taswirar da muke da ita tana daga cikin waɗanda hukumar taswira ta Faransa, IGN, ta zana daga hotunan jirgin sama tun wajejen shekarun 1950 da 1960. Ma'auninta 1:200,000 ne, wato santimita 1 a takarda daidai yake da kilomita 2 a ƙasa. Kowace takarda tana ɗauke da digiri ɗaya a tsaye da digiri ɗaya a kwance. Ta Garwa lambarta NC-33-VIII, ta Poli kuma, wadda ke kudu da ita, NC-33-II. A yau Cibiyar Taswira ta Ƙasa da ke Yawunde, INC, ce ke kula da wannan fanni a Kamaru. Mun fara da layukan tsayi, wato layukan da ke haɗa wuraren da tsayinsu yake daidai, domin su ne ruhin takardar. Tudu yakan fito a zagaye, zobe cikin zobe kamar saƙar faifai, kuma inda layukan suka matsu da juna nan ne gangare ya yi tsanani. A takardarmu tazarar tsayi tsakanin layi da layi mita 40 ce, abin da ke nufin kwazazzabo mai zurfin mita 30, wanda zai iya tsayar da mutum da jakinsa rabin yini, yana iya ɓuya tsakanin layuka biyu ba tare da wata alama ba. Na nanata musu wannan sosai.

23 ga Nuwamba, 2024, Garwa

Kamfas ɗin da muka samo masu faranti ne na roba mai haske, irin wanda kamfanin Silva na ƙasar Suwidin ya yaɗa tun daga 1933, inda aka haɗa allura da ma'aunin kusurwa da rula a abu guda. Biyu daga ciki kwance ne da aka shigo da su daga Turai, kuma da muka ɗora su a tafin hannu sai muka ga gindin allurar yana sunkuyawa har yana gogar ƙasan akwatin. Dalilin haka sananne ne. A ƙasashen arewa mai nisa maganaɗisun duniya yana jan kan allura zuwa ƙasa, don haka masu ƙira suke ƙara wa ɓangaren kudu ɗan nauyi domin ta daidaita. Mu kuwa muna kusa da layin da allura ke kwanciya daidai da kanta, wanda ya ratsa wannan sashe na Afirka, saboda haka ƙarin nauyin nan ya zama cikas. Ana iya aiki da su idan an ɗan karkata hannu, amma na ajiye su domin koyarwa a gida kawai. Allurar da ke maƙalewa ba ta cancanci a ɗora mata ran mutum a daji ba.

Darasin da ya fi cin lokaci shi ne na arewa guda uku: arewa ta gaskiya, da arewar layukan taswira, da arewar da allura ke nunawa. A gefen tsohuwar takardar an rubuta cewa allura tana karkata yamma da digiri masu ɗan yawa, kuma samarin sun so su yi aiki da wannan adadi tunda bugagge ne. Adadin gaskiya ne a shekarar da aka buga shi, amma maganaɗisun duniya ba ya zama wuri ɗaya. Tun da James Clark Ross ya isa arewar maganaɗisu a arewacin Kanada a 1831 take tafiya, kuma a yau ta doshi Siberiya. A yankinmu karkatar ta ragu har ta dawo wajen digiri ɗaya ko ƙasa da haka. Bambancin arewa ta gaskiya da ta layukan taswira ma ƙarami ne a nan, bai kai rabin digiri ba, saboda muna kusa da layin tsakiyar duniya, wato ikwaita, kuma ba mu da nisa da layin digiri 15 na gabas, wanda shi ne tsakiyar shiyya ta 33 ta tsarin UTM, tsarin layukan taswira da ke raba duniya shiyya-shiyya. Wannan rahama ce ga mai koyo: a ƙasar Garwa da Poli ana iya ɗaukar kusurwa daga takarda a bi ta a ƙasa kusan ba tare da gyara ba. Wanda ya yi gyara da tsohon adadi shi ne zai ɓata.

Domin su ga nauyin lamarin na ba su lissafi mai sauƙi. Kuskuren digiri 1 yana kautar da matafiyi kimanin mita 17 a kowace kilomita. Kuskuren digiri 5 a tafiyar kilomita 10 ya kusa mita 900, kuma a cikin gamba mita 900 ta isa mutum ya wuce rijiya bai san ya wuce ta ba. Mun kuma gwada kusantar da adda da waya da tankin babur ga allura, kowa ya ga yadda take juyawa ta bi ƙarfe. Daga ƙarshe muka auna alƙibla, wadda daga Garwa take wajen digiri 61 daga arewa, kuma wannan ne ya sa da yawansu suka fara ɗaukar kamfas da muhimmanci.

7 ga Disamba, 2024, bakin Binuwai

Kamfas yana faɗin inda aka dosa, amma ba ya faɗin nisan da aka ci. Mun auna mita 100 da igiya, kowa ya ƙirga takunsa, ana ƙirga saukar ƙafar dama kawai. A ƙasa mai tauri yawancin mutane suna faɗawa tsakanin 60 da 70. A cikin yashin kogi adadin ya ƙaru sosai, haka ma da kaya a ka. Kowa ya rubuta adadinsa na tauri da na yashi a bangon littafinsa. Domin riƙe lissafi, duk mita 100 ana mayar da tsakuwa ɗaya daga aljihun dama zuwa na hagu. Wani ya kawo shawarar a yi amfani da carbi, amma muka ga ya fi dacewa a bar carbi ga aikinsa.

21 ga Disamba, 2024, Tinguelin

Mun fita zuwa duwatsun Tinguelin da ke arewa da gari, ta wajen Pitowa, domin koyon gano inda mutum yake ta hanyar auna duwatsu. Hanyar ita ce a zaɓi dutsen da aka tabbatar da shi a ƙasa da kuma a takarda, a auna kusurwarsa, sannan a juya ta: idan ba ta kai 180 ba a ƙara mata 180, idan ta wuce a rage. Dutsen da aka gani a digiri 40, alal misali, yana nufin mai aunawa yana kan layin digiri 220 daga dutsen. A ja wannan layi da fensir, a sake yin haka da dutse na biyu, inda layukan suka gamu nan mutum yake tsaye. Ya fi kyau duwatsun biyu su kasance a sassa daban, kusurwar da ke tsakaninsu ta kusanci digiri 90, domin layukan da suka kusa kwanciya a kan juna ba su ba da mahaɗa tabbatacciya. Dutse na uku yakan haifar da ɗan ƙaramin kusurwa-uku, kuma ƙanƙantarsa ita ce shaidar tsabtar aikin mai aunawa.

Abin da ya ba mu wahala shi ne hazo. Da hantsi iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, duwatsun da muke gani sarai da safe suka shuɗe ɗaya bayan ɗaya, har ya zamana babu abin aunawa sai na kusa. Daga nan muka tsayar da doka cewa duk awon nesa za a yi shi ne da sassafe, a rubuta, sauran yinin kuma a dogara da ƙirgar taku da agogo. Ina ganin wannan hazo ya koya musu abin da baki ba zai iya ba, wato cewa gano wuri bayan an ɓata dabara ce da ke buƙatar sararin sama mai kyau, alhali riƙe lissafi tun daga fita ba ya buƙatar komai sai natsuwa.

Da yake yau rana ta kai ƙarshen tafiyarta ta kudu, mun auna mafitarta da asuba, muka same ta wajen digiri 114. Kowa ya tashi da sanin cewa rana daga gabas take fitowa, amma ba ta fitowa daga gabas sak sai wajen 20 ga Maris da 23 ga Satumba. A Disamba tana kaucewa kudu da kusan digiri 24, a Yuni kuma ta kauce arewa da misalin haka. Inuwar tsakar rana ma tana da sharaɗi a ƙasarmu: yanzu arewa take nunawa, amma daga tsakiyar Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da rana ta haura arewa da mu, kudu take komawa.

4 ga Janairu, 2025, Lagdo

Na kai su Lagdo da gangan, ba tare da na faɗa musu dalili ba. Sun shimfiɗa takarda a kan tudu, suka daidaita ta da allura, suka duba gabansu suka ga ruwa iya ganin ido, alhali takardar tana nuna kogi siriri da ƙauyuka da hanyoyin ƙafa. An kammala madatsar Lagdo a 1982, shekaru da dama bayan an zana taswirar, kuma ƙauyukan da ke rubuce a wurin ruwa ya rufe su. Duk da haka duwatsun da ke kewaye suna nan inda aka zana su, har waɗanda suka zama tsibirai ana gane su ta layukan tsayi.

A kan wannan ne muka raba abubuwan da ke cikin taswira gida biyu. Akwai waɗanda Allah ya kafa, duwatsu da kwaruruka da inda ruwa ke gangarawa, kuma waɗannan ana amince musu ko da takarda ta shekara 60. Akwai kuma aikin ɗan Adam, hanyoyi da ƙauyuka da gonaki da rijiyoyi, waɗanda sai an tabbatar da su da ido. Tun daga shekarun 1970 jama'a da yawa suka gangaro daga Arewa Mai Nisa suka kafa sababbin garuruwa a kwarin Binuwai, noman auduga kuma ya buɗe hanyoyin da ba su cikin kowace tsohuwar takarda. Wanda ya ga hanya a gabansa ya ɗauka ita ce ta cikin taswira yana iya bin ta zuwa wani wuri dabam yana mai cikakken yaƙini. Mutanen Cadi suna da irin wannan matsala da ta fi tamu girma, domin Tafkin Cadi da ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960 ya ja baya ƙwarai, har gaɓarsa ta tsohuwar takarda ta zama gonaki da makiyaya.

Na samu labarin cewa a watan Disamba hukumomin Amurka da Birtaniya sun fitar da sabon lissafin maganaɗisun duniya na 2025, wanda suke sabuntawa duk shekara 5. Za mu rubuta adadin bana da fensir a gefen kowace takarda, tare da shekararsa, domin wanda zai gaje ta.

18 ga Janairu, 2025, Poli

Mun baro titin Ngaundere muka yi yamma zuwa Poli, hedikwatar sashen Faro. Kafin a taka daji mun gai da hukuma da masarauta, mun bar wa jandarmomi sunayenmu da hanyar da za mu bi da ranar da ake sa ran dawowarmu. Gandun dajin Faro, wanda ya zama gandun ƙasa a 1980, da yankunan farauta da ke kewaye da shi ba a shigarsu sai da izini, don haka mun ja iyakarsu da jan fensir domin kada burtali ya kai mu ciki ba mu sani ba. Maganar masu garkuwa da mutane ba abin wasa ba ce a wannan yanki, kuma mun amince cewa duk inda jauro, wato mai gari, ya ce kada a bi, ba za a bi ba, komai kyan layin da ke takarda. Dutsen Vokre, mai tsayin mita 2,049, shi ne babbar alamarmu a duk safiyar da hazo ya bari a gan shi.

1 ga Fabrairu, 2025, cikin daji

An ƙone ciyawa a wurare da yawa, don haka ido yana cin nisa fiye da yadda zai yi a Nuwamba, lokacin da gamba ke rufe mutum har kansa. Tsarin tafiyarmu ya zauna. Mai kamfas yana tsayawa ya zaɓi itace ko suri da ke kan layi, a tafi gare shi, a sake zaɓar wani. Ba a tafiya ana kallon allura. Inda babu abin zaɓa sai a tura mutum gaba, a daidaita shi da hannu dama ko hagu, ya zama shi ne alamar. Mutum biyu suna ƙirga taku kowa da nasa, na uku yana rubuta lokaci. Domin ƙiyasin lokaci muna amfani da ƙa'idar da William Naismith na Sikotilan ya kafa a 1892, wato awa 1 ga kowace kilomita 5, da ƙarin awa 1 ga kowace mita 600 ta hawa, amma da kaya da zafi da duwatsu mun ga dole a ƙara mata sosai.

Dabarar da ta fi yi mana amfani ita ce karkata da gangan. Idan ana neman mashaya a bakin rafi kuma aka dosa ta kai tsaye, da wuya a faɗa kanta, kuma idan an isa rafin ba a san ko tana sama ko tana ƙasa ba. Amma idan tun farko an karkata digiri kaɗan zuwa hagu, to da an isa rafin an san dama za a juya. Samarin sun yi ta jayayya da wannan, suna ganin ƙara wa kai tafiya ne, har sai da suka ga yadda ta kai mu ga ruwa ba tare da kai-komo ba. Haka kuma kafin kowane zango muna zaɓar abin da zai tare mu idan mun wuce, rafi ko gindin tudu da ya gitta hanya, mu ce idan mun kai nan to mun zarce, a tsaya.

Jauron wani ƙauye ya haɗa mu da wani dattijo makiyayi da ya yi shekaru yana bin wannan burtali. Na nuna masa wani rafi a takarda na ce, “Baffa, a nan muke sa ran ruwa gobe in Allah ya yarda.” Ya tambayi ko wane gefen dutse ne, da na kwatanta masa sai ya ce, “Malam, wannan ya ƙafe tun bayan girbin gero. Ku gangara inda ya haɗu da ɗan'uwansa, akwai ɓaure babba, ku tona yashi a gindinsa kamu biyu.” Haka muka samu. Taswira tana zana rafi da shuɗin layi, amma ba ta san watan da yake ƙafewa ba, kuma matambayi ba ya ɓata. Shi ma dattijon ya yi sha'awar takardar da ya ga ta nuna masa wani kwari a bayan tudun da bai taɓa hawa ba. Ya kuma warware mana wata matsala: ƙauyuka biyu da ke rubuce ba mu same su ba, sai ya nuna mana kukoki a tsaye wuri guda da tarkacen tukwane a ƙasa. Kufai ne, mutanensa sun tashi tun da daɗewa, kuma da muka auna muka ga kukokin suna daidai inda takarda ta sa sunan garin. Daga yau kufai ya shiga cikin alamun da muke amincewa da su.

15 ga Fabrairu, 2025, zango

Da dare mun gwada taurari. Tauraron arewa yana tsayawa ne a sama gwargwadon nisan wuri daga layin tsakiyar duniya, saboda haka a nan bai wuce digiri 8 zuwa 9 daga doron ƙasa ba, kuma ƙura da itatuwa sukan rufe shi. Taurari ukun nan da ke jere a layi ɗaya, waɗanda ke biyo bayan Kaza da 'Ya'yanta, sun fi amfani a gare mu, domin suna fitowa kusan gabas sak suna faɗuwa kusan yamma sak a kowane lokaci na shekara. Ba mu da niyyar tafiyar dare, amma wanda ya kwana a daji ya kamata ya tashi ya san fuskarsa ko da kamfas ya faɗi.

A wannan zango ne kawai muka kunna waya, domin gwada aikinmu. Wuraren ruwan da muka sanya da fensir sun yi kusa da abin da na'ura ta nuna, sai dai akwai ɗan bambanci da ke maimaita kansa ta fuska ɗaya a kowane wuri. Wannan ba daga hannun samarin yake ba. Tsofaffin takardun an gina su a kan siffar duniya ta Clarke 1880, na'ura kuma tana aiki da wata siffar mai suna WGS 84, kuma tazarar da ke tsakanin tsarin biyu tana iya haura mita 100. A ma'aunin 1:200,000 mita 100 rabin milimita ce kawai, kaurin bakin fensir, amma dole a rubuta tsarin da aka bi a kan kowane adadi kafin a miƙa shi ga wani.

8 ga Maris, 2025, Garwa

Azumi ya kama, zafin bazara kuma ya fara, wanda a Garwa yakan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, don haka mun dakatar da fita. Kashin farko na burtalin ya shiga takarda, da wuraren ruwansa da watan da dattijon ya ce kowanne yana ƙafewa. Kashin da ya doshi kogin Faro, inda ake hango duwatsun Alantika a kan iyakar Najeriya, bai samu ba tukuna. A cikin watan nan samarin za su kwafe littattafansu a tsabtace, su daidaita ƙirgar taku da nisan da ke takarda zango bayan zango, su ware wuraren da lissafin mutum biyu ya saɓa domin a sake auna su. Na rubuta wa Yawunde ina tambayar ko akwai takardu masu ma'aunin 1:50,000 na wannan yanki, inda santimita 1 take daidai da mita 500, domin kwazazzaban gindin Vokre sun fi ƙarfin takardar da muke da ita. Bayan Sallah, idan jauro ya ba da izini kuma ruwan farko bai sauka ba, za mu koma mu ɗora daga gindin ɓauren nan zuwa yamma. Idan damina ta riga mu, sai Disamba, bayan an ƙone ciyawa.